Yadda zaka shawo kan manhajar editin bidiyo in ta ƙi buɗewa a laftof, kafin ka kai ta a yi mata fomat

Salamu alaikum jama'a. Cikin satin nan mutum uku ne suka turo min ƙorafi iri ɗaya, ɗaya yana Shara Mansur a Makka, ɗaya ɗalibi ne a Madina, ta ukun kuma wata baiwar Allah ce nan Jidda da take ɗaukar bidiyon girki tana ɗorawa a TikTok, kowa cewa yake manhajar da yake haɗa bidiyo da ita ta ƙi tashi, ka danna ka sake dannawa, 'yar da'irar nan ta juya sau biyu sai shiru kamar an aiki bawa garinsu. Biyu daga cikinsu har sun riga sun yanke shawarar kai laftof ɗin shago a yi fomat, wato a goge komai a sake sa Windows. Dan Allah a dakata tukuna. Fomat shine abu na ƙarshe, kuma cikin duk waɗanda na taɓa dubawa ba na jin an kai uku da suka buƙace shi da gaske.

Ni ma abin ya taɓa cina shi yasa nake da bakin magana. Tsohuwar laftof ɗina ta mutu ana saura kwana biyu in miƙa bidiyon walimar wata Hajiya da jirginta zai tashi zuwa Kano, na ruga haraj, kasuwar gwanjo, na sayo wata ta hannu, na dawo na sa manhajar, ta shiga lafiya lau amma ta ce ita bata san zancen buɗewa ba. Na koma wani shago mai gyaran ko kallonta bai yi ba yace fomat, riyal 50, ka dawo bukra, wato gobe. Hajiya kuma na ta kira, "Ɗana ina bidiyon nan ne, ko sai na sauka Kano za'a turo min?" ni kuma ina ta "Hajiya a ƙara haƙuri, yau in sha Allahu." Abin da ya hana ta buɗewa zan faɗa a ƙasa inda ya dace, wallahi gyaran bai ci minti goma ba.

Kafin komai, abu ɗaya da zai sauƙaƙa mana. Yawancin laftof ɗin da ake saya a nan Windows ɗinsu da Larabci take, wani kuma da Turanci, to maimakon in ce shiga kaza ka danna kaza sunayen su sha bamban, zan dinga baka gajerun kalmomi da ake rubutawa a akwatin Run. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito, ka rubuta kalmar ka danna Enter, ko da wane yare injin yake wuri ɗaya zata kai ka. Ka dai tabbata kibod ɗin ya koma Turanci, Alt da Shift ko Windows da Space ne ke juya shi.

Sai ka yi wa kanka tambaya ɗaya, kuma ka amsa ta tsakani da Allah: manhajar nan tana buɗewa da can ta daina, ko tun da ka sa ta bata taɓa tashi ba? In da tana yi ta daina, to wani abu ne ya canza, afdet ne ya shigo da daddare, ko ka sa wata sabuwar manhaja, ko wurin ajiya ya cika, ko wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar aiki. In kuwa bata taɓa buɗewa ba, to ko injin ne bai kai ba, ko akwai abin da take nema bata samu ba. Ka riƙe amsar a ranka don ita zata nuna maka inda zaka fi tsayawa.

Na farko, kwashe aikinka

Kar ka goge komai, kar ka cire komai sai ka kwafe ayyukan da ka riga ka fara. Masu CapCut su ne suka fi shiga uku a nan don ita a cikin foldarta take ɓoye ayyukan. Ka buɗe Run ka rubuta %localappdata% ka shiga CapCut, sai User Data, sai Projects, ka kwafe foldar gaba ɗaya ka kai filash ko hadis na waje, wato hard disk. Masu DaVinci Resolve ku rubuta %appdata% ku shiga Blackmagic Design, DaVinci Resolve, Support, a nan ma'ajiyar ayyukan take in baku canza mata wuri ba. Premiere Pro kuwa fayil ɗin aikinta yana ƙarewa da .prproj, galibi yana cikin Documents ƙarƙashin Adobe ko duk inda ka ajiye da hannunka. Kuma ka sani fayil ɗin aiki ba shine bidiyon ba, shi kawai ya san inda kowane bidiyo yake da inda ka yanka, don haka ainihin bidiyoyin da ka ɗauko daga jawwal, wato wayar hannu, ko kyamara su ma ka tabbata suna nan a wani wuri na biyu.

Na biyu, ƙananan abubuwan da ake rainawa

Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, Task Manager zai fito. Duba jerin ko sunan manhajar na ciki. Sau da yawa zaka tarar tana nan, wani lokacin ma har huɗu ko biyar saboda yawan dannawar da ka yi, ta farkon ce ta maƙale ta tare wa sauran hanya. Ka zaɓi kowace ka danna End task har sai babu ko ɗaya, sannan ka gwada buɗewa sau ɗaya tak ka bata kamar minti biyu, musamman in injin mai tsohon hadis ne ba SSD ba.

In bata yi ba ka yi Restart. Na ce Restart, ban ce ka kashe ka kunna ba, kuma ba rufe murfi ba. Windows 10 da 11 suna da wani tsari na saurin tashi wanda in ka yi Shut down ba komai suke saki ba, suna adana wani ɓangare su ɗora daga nan, to in matsalar na cikin abin da aka adana zata dawo da ita yadda take. Restart ne ke wanke komai. Akwai wanda na duba tasa na ga ta fi wata ɗaya ba'a yi mata ba, rufewa kawai yake ya jefa a jaka.

Wani abin dariya kuma, wani sa'in ta buɗe ɗin, kai ne baka ganinta. In ka taɓa jona laftof ɗin da talabijin ko wani sikirin, tagar manhajar na iya komawa can gefen da babu shi yanzu, zaka ga alamarta a layin ƙasa amma ba komai a fuska. Danna Windows da P ka zaɓi na farko, wato sikirin ɗin kwamfutar kaɗai, ko ka danna alamarta sannan Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama, zata dawo.

Sai ka gwada danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Run as administrator. Ka cire duk abin da ke jone, filash, makirfo, katin sauti, ka kashe VPN in kana da shi a kunne. Ka kalli agogo da kwanan wata a ƙasa ma, don manhajojin da ke buƙatar ka shiga da asusu basa yarda da injin da kwanan watansa ya kauce. Wanda ya taho da laftof daga gida ya tuna tsakanin Najeriya da nan awa 2 ne, ya gyara yankin lokacin ya koma na Riyad maimakon ya tura agogon da hannu. In kuma kullum ka kunna sai ka ga shekarar ta koma baya, ƙaramin batirin da ke kan allon injin ne ya mutu.

Leƙa This PC ka ga C ɗinka. In layin ya yi ja to ga ɓarawon nan. Bidiyo ba wasa bane, minti ɗaya na 4K daga iPhone yana cin mega 170 zuwa wajen 400, ka ɗauki ziyarar Uhudu da Kuba da ta Jabal Nur ka zuba duka a Desktop, ga kuma tarkacen da manhajar ke tarawa da kanta. Rubuta cleanmgr a Run ka share na wucin gadi, ka kwashe manyan bidiyoyi zuwa hadis na waje. Ni dai bana barin C ya gaza giga 20 a sake.

Na uku, ka tambayi Windows wa ya kashe ta

Wannan shine matakin da na fi so mutane su koya, don shi ke raba ka da lalube cikin duhu. Duk lokacin da wata manhaja ta faɗi, Windows na rubutawa, har da sunan fayil ɗin da ya kayar da ita. Ka gwada buɗe ta yanzu ka duba agogo, sannan ka buɗe Run ka rubuta perfmon /rel ka jira kaɗan. Wani jadawali zai fito mai kwanaki a jere, inda aka samu faɗuwa akwai jan da'ira mai X. Danna na yau, a ƙasa zaka ga sunan manhajar, ka danna shi sau biyu. Layin da muke nema shine wanda aka rubuta Fault Module Name ko Faulting module. In baka samu a nan ba rubuta eventvwr ka shiga Windows Logs sai Application, ka nemi jan kuskure mai lamba 1000 a daidai lokacin da ka gwada.

To ga yadda ake karanta shi. In sunan ya fara da nv, kamar nvoglv64.dll ko nvwgf2umx.dll, direban NVIDIA ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da katin hoton kamfanin NVIDIA. In ya fara da ati ko amd, kamar atio6axx.dll, na AMD ne. In ya fara da ig to na Intel ne. Duk ukun nan magana ɗaya suke, matsalar katin hoto ce, wato ɓangaren injin da ke sarrafa hoto da bidiyo, ka tsallaka mataki na huɗu. In ka ga VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ko ucrtbase.dll, mataki na biyar ne naka. In sunan wani ƙarin abu ne da ka ɗora wa manhajar, irin fulogin na canza kala ko na gyaran murya, to shi zaka cire. In kuma ntdll.dll ne ko KERNELBASE.dll, waɗannan na Windows ne da kanta kuma yawanci ba su ne masu laifin ba, a hannunsu dai abin ya fashe, sai ka bi matakan duka ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki hoton shafin da jawwal ɗinka ka ajiye, ko a ƙarshe shago zaka je, mai gyaran da ka nuna wa wannan ba zai ce maka fomat kai tsaye ba.

Na huɗu, direban katin hoto

Manhajar editin ba kamar Word bace, tun tana tashi take neman katin hoto ta gaisa da shi, in bai amsa yadda take so ba sai ta koma ta kwanta, wani lokacin ko saƙo bata bari. Rubuta devmgmt.msc ka buɗe Display adapters ka ga me ke ciki. In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, to babu direba kwata-kwata, wanda ya yi wa injin fomat kafin ya sayar maka bai ƙarasa aikinsa ba, kuma wannan ya zama ruwan dare a laftof ɗin hannu. In ka ga suna biyu, misali Intel da NVIDIA, to kati biyu gare ka, ƙarami mai tattalin batir da babba mai ƙarfi.

In da tana aiki ta daina bayan afdet, danna katin sau biyu, shiga Driver, ka danna Roll Back Driver ya koma na baya, in maɓallin ya yi fari baya dannuwa to babu tsohon a ajiye. In kuwa direban ne ya tsufa, kar ka dogara da Update driver na wurin nan, kusan kullum ce maka zai yi wanda kake da shi ya isa. Je shafin kamfanin laftof ɗin, HP ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar samfurin da ke manne a ƙasan injin, ko ka je shafin Intel ko AMD ko NVIDIA kai tsaye. Masu NVIDIA in katinku na da Studio Driver ku ɗauke shi, don masu irin aikinmu aka yi shi, kuma wajen sawa ku zaɓi Custom ku yi alama a clean installation ya share tsohon saiti. Dan Allah a guji manhajojin nan masu cewa zasu sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, sun fi ɓatawa.

Mai kati biyu yana da ƙarin aiki ɗaya. Shiga Settings, System, Display, ka sauka ƙasa zuwa Graphics, ka nemo manhajar ko ka ƙara ta da kanka, ka sa ta a High performance don ta daina kama ƙaramin katin. Ka jona caja kafin ka gwada, wasu injinan in suna kan batir rage wa babban katin ƙarfi suke. Kuma duk da babban ne zai yi aikin, direban ƙaramin ma sai an sabunta shi, na sha ganin inda na Intel ne ya tsufa ya hana ruwa gudu.

Na biyar, kayan da take nema bata samu ba

Mafi yawan manhajojin nan suna dogara da wasu fayiloli na Microsoft da ake kira Visual C++ Redistributable. In babu su ko sun lalace zaka ga saƙo cewa VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ya ɓace, ko lambar nan 0xc000007b. Kar ka kuskura ka je ka sauke fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ke raba dll, nan ake kwaso cuta. Je shafin Microsoft ka nemo na baya-bayan nan, wanda ya haɗa daga 2015 zuwa sama, ka sauke x64 da x86 duka biyun, kyauta ne kuma ƙanana ne. In ya ce akwai shi sai ka danna Repair, ka yi Restart.

Sai ka rubuta winver ka karanta sunan Windows ɗinka da kyau. In akwai harafin N a ƙarshe, kamar Pro N, to irin wadda aka yi wa kasuwar Turai ce, tana zuwa babu kayan kunna sauti da bidiyo, kuma laftof ɗin da aka shigo da su na hannu wasu da ita suke zuwa. Maganinta ka shiga Optional features a cikin Settings ka ƙara Media Feature Pack. A nan winver ɗin zaka ga ko Windows ɗin ta tsufa da yawa, sababbin manhajoji basa hawa kan 7 da 8, ita kanta 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025, tana aiki har yanzu amma a hankali manhajoji zasu dinga barinta.

In kana zargin Windows ɗin ce ta samu rauni, nemo cmd ka buɗe shi a matsayin administrator ka rubuta sfc /scannow ka bar shi ya kai 100. In ya ce ya ga ɓarna ya kasa gyarawa ka bi shi da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wannan yana son intanet kuma yakan tsaya wuri ɗaya kamar ya mutu, ƙyale shi, je ka sha shayi ka dawo.

Na shida, wanda ya fi shafar mu mazauna nan

To ga abin da ya kama ni ranar bidiyon Hajiya. Buɗe C ka shiga Users ka kalli sunan foldarka. Tawa da na duba sai na ga wanda ya saita injin ya rubuta sunan da haruffan Larabci. Windows bata damu ba, amma akwai manhajoji da fulogin da in hanyar zuwa foldarsu ta bi ta kan haruffan da ba na boko ba sai su rikice, su kasa karanta saitinsu su mutu tun a bakin ƙofa, kuma duk saitin nan a ƙarƙashin wannan foldar yake zaune. Canza sunan asusun baya magani don sunan foldar baya canzawa da shi, kuma kar ka ce zaka canza na foldar da hannu, zaka jawo wa kanka abin da ya fi wannan.

Abin yi shine sabon asusu. Settings, Accounts, Other users, ka danna ƙara wani, in ya nemi imel ka ce baka da bayanan mutumin, sannan ka zaɓi ƙarawa ba tare da asusun Microsoft ba. Ka sa suna gajere da haruffan Turanci zalla, ba tazara, ba ƙ ba ɗ ba ɓ, ni edita na sa wa nawa. Ka mayar da shi Administrator, ka fita daga tsohon ka shiga sabon. Wasu manhajojin kamar CapCut sai ka sake sa su don a cikin asusun mutum suke zama. Ni ina shiga na danna sai gata ta buɗe tar, na zauna ina kallon sikirin ina dariya ni kaɗai ƙarfe ɗayan dare, riyal hamsin ɗina na aljihu. Ko sunanka da boko yake ma gwajin nan na da amfani, in ta buɗe a sabon asusu ka san injin lafiyarsa ƙalau, saitin tsohon ne ya lalace. Haka foldar da kake zuba bidiyoyi, ka daina sa mata suna da Larabci ko da 'yan hotunan nan na dariya.

Ɗan'uwan wannan shine kalanda. In an saita yankin a kan Larabcin Saudiyya, Windows na iya bin kalandar Ummul Ƙura, sai wata manhajar ta tambayi kwanan wata a bata shekara dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu, ita kuma miladiyya ta sani, daga nan sai lissafin lasisi ko na ajiya ya watse. Rubuta intl.cpl, a Format ka zaɓi English na Ingila ko na Amurka, ka danna Apply ka yi Restart ka gwada. Wannan baya canza yaren injin, yadda ake rubuta kwanan wata da lambobi kawai yake taɓawa, in bai yi amfani ba ka mayar abinka.

Na bakwai, saitin manhajar da masu gadi

In wuta ta taɓa ɗaukewa ko batir ya mutu tana cikin aiki, fayil ɗin saitinta na iya lalacewa. A Premiere Pro ka riƙe Alt a lokacin da kake buɗe ta kar ka saki, zata tambaye ka ko a mayar da saiti yadda ya zo, a sababbin ma akwati ne zai fito da zaɓin share tarkace da kashe fulogin na waje. Ga sauran, dabarar ita ce ka nemo foldarsu a %appdata% ko %localappdata% ka canza mata suna, misali ka ƙara tsoho a ƙarshe, kar ka goge. Manhajar zata ɗauka yau aka sa ta ta ƙirƙiri sabuwa. In ta buɗe ka ga babu ayyukanka kar hankalinka ya tashi, suna cikin wadda ka canza wa suna, kuma ai ka kwafe su tun a matakin farko.

Sai antibairos. Buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Protection history, ka ga ko ya kama wani fayil na manhajar ya kulle. In asalin manhajar ce daga shafin masu ita zaka iya dawo da shi. In kuwa irin wadda aka fasa ce, wadda ake tura wa juna a Telegram ko mai shago ya zuba maka kyauta, to gaskiya ɗaya ce, ni bazan ce ka kashe mai gadi don ɓarawo ya shiga ba, injin da kake shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da banki da shi. Ga na halal kyauta, DaVinci Resolve na da ta kyauta mai ƙarfin gaske, ga Shotcut da Kdenlive, ga Clipchamp da ke zuwa cikin Windows 11. In kana da antibairos biyu kuma ka cire ɗaya, kishiyoyi ne.

In har yanzu shiru, rubuta msconfig, shiga Services, ka fara yin alama a Hide all Microsoft services, wannan alamar wajibi ce kar ka manta ta, sannan Disable all, ka yi Restart. In ta buɗe a haka to wata manhajar ce ke faɗa da ita, galibi masu ɗaukar sikirin ko masu canza murya, sai ka dinga dawo da su kaɗan-kaɗan har ka kama mai laifin. Bayan nan ne ya dace ka cire ta ta appwiz.cpl, ka yi Restart, ka sauko da sabuwa daga shafinta na asali.

In injin ne bai kai ba

Wannan ba daɗin ji amma gara ka sani. Rubuta dxdiag zaka ga sunan furosesa da yawan ram. Premiere Pro daga ta 2024 zuwa sama bata tashi sai furosesan na da wani abu da ake kira AVX2, wanda Intel ta fara sawa a ƙarni na 4 a 2013, kuma Celeron da Pentium da yawa basu da shi ko da sun fi haka sabunta, ita Adobe ma ƙarni na 6 take nema a mafi ƙaranci. DaVinci Resolve kuwa ram giga 16 take so da katin hoto na kirki. In taka mai giga 4 ce da Celeron, ba direban da zai cece ka, fomat goma ma ba zai yi ba, ka koma Shotcut ko Clipchamp ko ka yi aikinka a jawwal. In dai ram ne kawai ya gaza, ka tambaya ko injin na karɓar ƙari, a wasu ana iya ƙarawa a wasu kuma a like yake.

Sai zafi, wanda mu nan ba sai an mana bayani ba. In tana fara buɗewa sai fanka ta hau kuka injin ya mutu ɗungurungum, ba manhajar bace. Kar ka ɗora laftof kan katifa ko kafet, kar ka bar ta a mota da rana, ka yi aiki inda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke kaiwa, ka ɗaga bayanta da wani abu iska ta samu hanya. Tawa da aka buɗe ƙurar da ta toshe bakin fankar ta yi kauri kamar auduga, na ce wa mai gyaran ya busa ta ya canza man da ke kan furosesa kawai, na tsaya a kansa har ya gama ya ɗaure, hadis ɗin ko taɓa shi bai yi ba.